Muhawara: Ta yaya za a sa ɗalibai su so aikin injiniya da ƙere-ƙere?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga injiniyoyi da masu aikin hannu da ke zauren nan take. Ɗaliban sakandare da yawa, in ka tambaye su abin da suke son zama, likita ko lauya ko aikin ofis za ka ji. Wanda ya ce injiniya ma, in ka bi shi da tambaya, ba zai iya gaya maka abin da injiniya yake yi daga safe zuwa yamma ba. Masana'anta kuwa a tunaninsu wurin hayaƙi ne da baƙin mai da ɗaukar kaya. Abin da makarantu suka saba shi ne a gayyato baƙo ya yi jawabin minti 40, a tafa masa, a watse. Ina neman abin da ya fi wannan, kuma dalla-dalla: wane aiki za a ba su, da waɗanne kaya, zama nawa, kuma ina ne aikin ya fi ɓaci.

Malam Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam Malam. Jawabi ba ya sa yaro son ƙarfe. A ba shi zane da ma'auni, a sa shi ya yi abin da dole sai ya shiga cikin na abokinsa.

Ga aikin. A samo faffaɗan ƙarfe mai taushi, kaurinsa milimita 6, faɗinsa 50, a yanka shi gunduwa-gunduwa mai tsawon 52. A haɗa ɗalibai biyu-biyu. Ɗaya zai fitar da harshe mai faɗin milimita 20 da tsawon 15 a gefen nasa, ɗayan zai ƙwaƙule gurbin da harshen zai shiga. Sharaɗin da ke riƙe da darasin gaba ɗaya: kada ɗaya ya ga aikin ɗan'uwansa sai ranar ƙarshe. Zane kawai ke tsakaninsu. A zanen a rubuta cewa harshe yana iya gaza 20 da 0.2 amma kada ya wuce 20, gurbi kuma yana iya wuce 20 da 0.2 amma kada ya gaza. Kayan aiki: zarton ƙarfe, magagari mai kaushi da mai laushi, sukwaya ta duba kusurwa, tsinken zana layi, mariƙin tebur, da ma'aunin baniya, wato ma'auni mai muƙamuƙi da ke auna kauri da faɗi. Zama 5 ko 6 na awa biyu-biyu ya isa.

Inda ake faɗuwa sananne ne. Mai koyo yana lilo da magagari, hannun baya ya danna a farko, na gaba ya danna a ƙarshe, sai fuskar ƙarfen ta yi doro a tsakiya, sukwaya ta ƙi zama. Magagari a tura yake ci, a dawowa a sassauta masa. Sai yanka a kan layi maimakon gefensa: zarto yana cin kusan milimita ɗaya, wanda ya bi ta kan layi ya riga ya cinye awonsa. A bar rabin milimita a gama da magagari. Babban kuskuren kuwa shi ne awo daga gefe daban-daban. Dole a fara daidaita gefe ɗaya da maƙwabcinsa su yi kusurwa tsaf, a yi musu alama, duk awon da ya biyo baya daga gare su ake ɗauka. Lungun gurbi kuma a huda masa ƙaramin rami na milimita 3 kafin a yanka, don kusurwar harshe ta sami inda za ta zauna.

Ranar da aka haɗa, wasu za su shiga lif, wasu su ƙi, wasu su yi ƙwal-ƙwal. Duk wanda nasa ya ƙi, kada malami ya gaya masa dalili. Ya auna, ya nemo da kansa ko laifin harshe ne ko na gurbi.

Injiniya Rabi'atu:
Malam Ɗanjuma ya taɓo asalin masana'anta. Abin da ya raba ta da aikin mutum ɗaya shi ne wanda ya yi noti bai san wanda ya yi kusar da zai hau ba, amma sun dace. Kafin Joseph Whitworth ya fito da tsarin bai ɗaya na tiredi, wato zaren da ke zagaye jikin kusa da cikin noti, a Ingila a 1841, kowane wurin ƙira da irin nasa tiredin, notin wannan ba ya hawa kusar wancan. A gaya wa ɗalibai wannan bayan sun gama aikin, ba kafin su fara ba, lokacin ne zai shige su.

Zan ƙara zama ɗaya a gaba. A ɗauki ƙarfe guda, a ba ɗalibai 10 su auna kaurinsa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rubuta a ɓoye, sannan a jera sakamakon a allo. Ba za su zo ɗaya ba. Wani ya matse muƙamuƙin ma'auni da ƙarfi, wani ya karkata shi, wani bai duba ko yana kan sifili ba kafin ya fara, wani bai goge kaifin da ke tsirowa a bakin yanka ba. Daga nan ake fahimtar cewa awo ma sana'a ce, kuma akwai mutanen da aikinsu ke nan a masana'anta. Baniya ta yau da kullum tana karanta 0.02 na milimita, maikuromita, wani ma'aunin da ya fi ta kama ƙananan awo, 0.01. Ramin da boris ko sanda mai milimita 20 za ta zauna a ciki, in an rubuta masa H7 a zane, wato alamar iyakar ragi ko ƙarin da aka yarda a awonsa, rangwamensa 0.021 ne kacal, wajen kashi ɗaya cikin uku na kaurin gashin kai. A wannan matakin har zafi yana shiga lissafi: ƙarfe mai tsawon milimita 100 da ya ɗumama da digiri 30 yana ƙaruwa da kusan 0.036. Shi ya sa aka tsayar da digiri 20 a ma'aunin Salshiyas a matsayin zafin da ake awo a kansa, kuma ba a auna aiki yana fitowa daga inji da zafinsa.

Injiniya Kabiru:
Ku gafarce ni, ban yarda a fara da magagari ba. Yaro ɗan shekara 13 da za a sa ya goge ƙarfe zama 6 kafin ya ga sakamako, rabin ajin sun gudu kafin zama na uku. Kuma hakan yana tabbatar musu da abin da suke tsoro, wato aikin wahala ne. A fara da abin da zai kama wuta ko ya motsa a zaman farko. Batir mai 9V, jan ƙwan LED, rasista mai rage yawan wutar da ke wucewa, da allon gwaji da ba ya buƙatar liƙi. Ƙwan yana shan kusan 2V, saura 7. A raba 7 da 0.015, wato miliamfiya 15 da ake so ƙwan ya ja, a sami 467, a ɗauki rasista mai om 470. Dokar Ohm ke nan ta fita daga littafi ta koma hannu. A ba su ƙwai guda su haɗa ba rasista su ga yadda yake ƙonewa. Wanda nasa ya ƙi kamawa, galibi ya juya ƙafafun ne, doguwar ƙafa ita ke zuwa ɓangaren batir mai alamar +.

Zama na biyu a kawo Arduino, wato ɗan allon kwamfuta da ake rubuta wa umarni, da ƙaramin moto. Nan ne kowa yake yin kuskure iri ɗaya: haɗa moto kai tsaye da ƙafar allon. Ƙafar Arduino Uno miliamfiya 20 aka so ta bayar, moto kuwa ɗaruruwa yake ja, musamman lokacin tashi ko in an riƙe shi. Sai a sa taransista, wato makunnin da ƙaramar wuta ke sarrafawa, a tsakani, moto ya sha wuta daga batirinsa daban, a gicciya masa dayod, mai barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai, irin 1N4007 don ya shanye wutar da ke dawowa in an kashe. A kuma haɗa wayar ƙasa, wato ta ɓangare mai alamar −, ta batir da ta allon wuri ɗaya. Mantawa da wannan waya guda ita ke sa a yi ta zargin umarnin da aka rubuta wa allon alhali ba ruwansa.

Malam Ɗanjuma:
Injiniya, ban musa cewa wuta tana jan ido ba. Damuwata ita ce yawancin irin wannan aikin kwafowa ake yi. Ɗalibi ya sauko da umarnin daga intanet, ya soka wayoyi yadda hoto ya nuna, abu ya motsa, ya ɗauka ya iya. Ƙarfe ba ya karɓar kwafi. In ka ci 0.3 fiye da kima, ka ci, ba mai mayar maka.

Injiniya Kabiru:
Maganin kwafi mai sauƙi ne Malam. Bayan abin ya yi aiki, malami ya fitar da su, ya saka matsala guda a kowane allo: ya juya dayod, ya canza rasista, ya sa wayar da ta tsinke ta ciki. A ba su mitar gwada wuta, a ce kafin ka taɓa komai rubuta abin da kake zato da awon da zai tabbatar ko ya ƙaryata shi. Wanda ya kwafa nan take za a gane shi, kuma shi ma nan zai fara koyo. Neman matsala shi ne rabin aikin mai kula da injina.

Injiniya Rabi'atu:
Ku biyun abu ɗaya kuke nema, aikin da zai iya ƙi kuma ɗalibi ya binciko dalili. A fara da na Injiniya Kabiru a makonni biyun farko, a bi da na Malam Ɗanjuma, a rufe da aikin da ya haɗa su: mariƙin moto da za a huda, a yi masa tiredi, a ɗaura. In ramukan ba su hau kan na moton ba, babu umarnin kwamfuta da zai gyara.

Usaini:
Yaya Rabi'atu, game da tiredin nan, wane bakin huda ake sawa? Kuma me ya sa abin yanka tiredin yake yawan karyewa a cikin rami?

Malam Ɗanjuma:
Bari in amsa maka Usaini. A cire tazarar tiredi daga kaurin kusa. M6, wato kusa mai kaurin milimita 6, tazararsa 1, a huda da 5. M8 tazararsa 1.25, a huda da 6.8. M10 tazararsa 1.5, a huda da 8.5. Wanda ya huda 6 don M6 ba abin da tiredi zai kama. Wanda ya huda ƙasa da kima kuma shi ne mai karya taf, wato abin yanka tiredin. Sauran dalilan karyewa: shigar da shi a karkace, rashin mai, da rashin komawa baya. Rabin juyi gaba, kwata baya, don ɓarɓashi ya karye ya fita. A duba da sukwaya ta ɓangare biyu bayan juyi biyun farko, bayan nan ba ya gyaruwa.

Gudun injin huda ma lissafi ne da yara za su iya. Bakin huda na yau da kullum a ƙarfe mai taushi yana son kusan mita 25 a minti. A ninka 25 da 1000, a raba da 3.14 sau kaurin bakin. Na milimita 10 ya ba ka juyi wajen 800 a minti, na 5 wajen 1,600, na 20 wajen 400. Babban baki a gudu mai yawa yana ƙonewa, bakinsa ya yi shuɗi ya dakushe. Kuma kullum a ɗaure aikin, kada a riƙe shi da hannu, don lokacin da bakin zai ɓulla ta ƙasa ne yake fizgar ƙarfe ya juya da shi.

Malama Saudatu:
Ina bin ku, amma akwai shingen da ba ku taɓa ba. Ɗalibai da yawa tun kafin su ga ƙarfe sun cire kansu saboda tsoron lissafi. Sai 'yan mata. A aikin rukuni, in ba a sa ido ba, maza ne ke damƙe kayan aiki, a miƙa wa mace biro da takarda a ce ita ce marubuciya. Ta gama zango ba ta taɓa injin huda ba, sannan a ce ba ta da sha'awa. Dole malami ya rubuta jadawali: mai zane, mai yanka, mai awo, mai rubutu, kowane zama a juya. Kayan kariya ma a samo masu girma daban-daban, tabarau da ke zamewa daga fuska ba kariya ba ne.

Injiniya Rabi'atu:
Gaskiyarki Malama, kuma jadawalin a manna shi a bango kowa ya gani. Batun lissafi kuwa, a kawo shi lokacin da ake buƙatarsa. A ce su huda ramuka 6 a da'ira mai faɗin milimita 80 a kan faranti. Daga tsakiya zuwa kowane rami 40 ne. Rami na biyu yana kan digiri 60, sai ya zama 20 ta gefe, 34.64 ta sama. Wanda ya daɗe yana tambayar amfanin sain da kosain ya sami amsa. Hanyar dubawa kuma tana da daɗi: tsakanin kowane rami da maƙwabcinsa dole ya zama 40 cif.

Wani gwajin na minti biyar: rular ƙarfe mai faɗin milimita 30 da kaurin 1. A kwance yatsa ɗaya yana lanƙwasa ta, a tsaye kan gefenta ba ta ko motsi. Ƙarfen bai canza ba. Taurin lanƙwasa yana bin zurfi sau kansa sau uku, in ka ninka zurfi biyu ya ƙaru sau 8, kuma a wannan rular bambancin tsaye da kwance sau 900 ne a lissafi. Daga nan sai a nuna musu dalilin da ya sa ƙarfen gini yake da siffar harafin I. Ba na goyon bayan a ce wa ɗalibi injiniyanci ba ya buƙatar lissafi, ƙarya ce da za ta kama shi a shekarar farko ta jami'a. A dai nuna masa lissafin yana da abin da yake riƙewa.

Alhaji Garba:
Salamu alaikum. Kafin a ci gaba, a yi maganar kariya, don yaro ɗaya ya ji ciwo iyaye sun janye sauran, kuma suna da gaskiya. A injin da ke juyawa, na huda ko na sassaƙar ƙarfe, ba a sa safar hannu. Mutane suna ganin kariya ce, alhali ita ke kamawa ta ja hannu ciki. Haka duk tufa mai lilo, zobe, agogo, da gashin da ba a ɗaure ba. Makullin bakin inji kada ya bar hannu yana jikin inji, in an kunna da shi a ciki jifa yake zama. Ɓarɓashi da buroshi ake sharewa bayan inji ya tsaya.

Walda kuma kada a ba 'yan ƙananan aji, su kalla da gilashi mai duhu lamba 10 ko 11. Hasken walda yana ƙona ido, kuma zafin ba ya zuwa nan take sai bayan awa 6 zuwa 12, shi ya sa masu leƙe suke ɗauka ba abin da ya same su. Manyan ɗalibai a fara musu da sanda E6013 mai milimita 2.5, amfiya 70 zuwa 90, a kan ƙarfe mai kaurin 5 ko 6, su yi ta jan layi a kwance kafin su haɗa komai. Wuta ta yi ƙasa, sanda ta riƙa mannewa. Ta yi yawa, ta ci gefen ɗinki ta yi ta fantsama. Kada a ba su ƙarfe mai rufin tutiya, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. Darasin da ya fi burge ni a walda shi ne jan ƙarfe: a haɗa biyu a kusurwa tsaf, a ja ɗinki ta gefe ɗaya, in ya huce a ɗora sukwaya, ya karkata zuwa wajen ɗinkin. Sai a sake, a ɗiga a wurare tukuna, a ja ta gefe biyu bi da bi. Yaron da ya ga wannan ya san walda ilimi ce.

Malam Nasiru:
Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe. Makarantar da ba ta da ɗakin aikin hannu fa? Kuma yaya ake tsara ziyarar masana'anta ta yi amfani?

Injiniya Rabi'atu:
Akwai darasin masana'anta cikakke da ba ya buƙatar inji ko ɗaya. A samo biro masu kwancewa guda 40, a wargaza su, a jera ɗalibai 4 a layi kowa da abin da zai haɗa, wani ya riƙe agogo. A ce matakan sun ɗauki daƙiƙa 20, 20, 45 da 15. Tambaya: biro nawa za su fito a awa? Yawanci za su tara lambobin ko su ɗauki matsakaici. Amsar ita ce 80, don layin ba ya wuce gudun mai daƙiƙa 45. In na farko da na biyu suka ƙara sauri, tsibi kawai za su tara a gabansa. A raba aikinsa ga mutum biyu, ya koma 22.5, sai layin ya ba da 160. Wannan shi ne aikin injiniyan tsara samarwa, kuma shi ne tunanin da ya sa layin haɗa mota na Ford a 1913 ya sauko da haɗa mota guda daga sama da awa 12 zuwa kusan awa ɗaya da rabi. A zagaye na biyu a saka ɓangare mai aibi a ɓoye, a ga a wane mataki za a gano shi. Tsarin kamfanin Toyota ya ba kowane ma'aikaci ikon tsayar da layi in ya ga aibi, kuma Taiichi Ohno ya koyar da tambayar "me ya sa" sau biyar har a kai ga tushen matsala. Ɗalibai su gwada hakan a kan biron da ya ƙi rubutu.

Malama Saudatu:
Ziyara kuwa tana lalacewa ne in an kwashi ɗalibai 60 a bayan mutum ɗaya cikin ƙarar injina, na gaba su ji, na baya su yi ta hira. A raba su 8 zuwa 10. A zaɓi kaya guda ɗaya a bi shi daga inda ɗanyen kaya ke shigowa har inda ake naɗe shi. Kowane ɗalibi ya tafi da tambaya a rubuce: mene ne ya fi lalacewa a injin nan, wa ke gyara shi, me ake yi da kayan da aka ƙi, wane karatu ka yi kafin ka zo nan. A roƙi masana'antar ta haɗa su da matasan ma'aikata, maza da mata, waɗanda ba su fi su da shekara 10 ba, ba manaja kaɗai ba. A nemi toshiyar kunne ga kowa, ƙarar da ta kai desibel 85 tana cutar da ji in an daɗe a cikinta. Gani ya kori ji, amma in ba a zauna washegari an zana taswirar abin da aka gani ba, yawon buɗe ido aka yi.

Usaini:
Tambayar da abokai suke yi ita ce, tunda injina masu sarrafa kansu suna karɓe aiki, ba asarar shekaru ba ce?

Injiniya Kabiru:
A gaya musu gaskiya: aikin da maimaici ne zalla, ɗauki ka ajiye, shi ne inji ke karɓewa, kuma zai ci gaba. Abin da ke ƙaruwa shi ne buƙatar wanda zai tsara injin, ya rubuta masa umarni, ya daidaita shi, ya gyara shi in ya tsaya. Injin CNC, mai yanka ƙarfe da umarnin kwamfuta, ba ya sanin inda ƙarfe yake sai an gaya masa. A cikin umarninsa, G00 gudu ne ba yanka, G01 yanka a miƙe, G02 da G03 lanƙwasa, G21 milimita, G20 inci. Wanda ya saka tsawon bakin yanka ba daidai ba, injin zai soka shi cikin aikin da cikakken gudu. Mutum ne ke hana wannan.

Ga misalin da nake so a koya wa kowane ɗalibi daga ɓangaren PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injinan masana'anta. Maɓallin tsayar da inji ana haɗa shi ne a rufe, wuta tana bi ta cikinsa kullum, dannawa ce ke yanke ta. Dalili: in wayar ta tsinke, injin zai tsaya da kansa. Da an haɗa shi a buɗe, waya ta tsinke ba wanda ya sani, sai ranar da hannun wani ya shiga a danna ya ƙi tsayawa. Da makunni biyu da rile guda, wato makunnin da wuta ke kunnawa, ana iya nuna wannan a kan tebur. A nan ɗalibi yake gane cewa injiniya yana tunanin yadda abu zai lalace tun kafin ya gina shi.

Injiniya Rabi'atu:
Wannan ya kawo mu ga amana, kuma ni a ganina tana jan matasa fiye da maganar albashi. A 1981 barandar tafiya biyu da ke rataye a otal ɗin Hyatt Regency a Kansas City ta Amurka suka rufto, mutum 114 suka rasu. A zanen farko sanda ɗaya doguwa ce za ta sauko daga rufi ta ɗauki barandar sama da ta ƙasa. Aka canza zuwa sanduna biyu, ta ƙasa ta rataya a jikin ta sama, sai nauyin da ke kan mahaɗin sama ya ninka. Canji ne ƙarami a takarda da ba a sake lissafa shi yadda ya kamata ba. Ana iya kwaikwayonsa a aji da zare da ma'aunin nauyi mai ƙugiya, su ga lambar ta ninka da idonsu. Haka kumbon Mars Climate Orbiter na NASA ya salwanta a 1999 saboda ɓangare ɗaya ya ba da alƙaluman ƙarfin turi a ma'aunin fam, ɗayan ya karɓa a matsayin niyuton. Bayan wannan labarin, a riƙa mayar wa ɗalibi duk amsar da bai rubuta mata ma'auni ba.

Malama Saudatu:
A kuma daina nuna musu ƙofa ɗaya. Akwai injiniya mai digiri da ke zane da lissafi, akwai mai difloma da ke kula da injina da gwaje-gwaje, akwai ƙwararren mai ƙera mazubi da kayan yanka, mai walda mai takardar shaida, mai duba inganci. A Jamus matashi yana shiga koyon aikin injina na shekara uku da rabi, yawancin mako a kamfani, kwana ɗaya ko biyu a makarantar sana'a, ana biyansa alawus, kuma hanyar ƙarin karatu a buɗe take gare shi. Abin da zan roƙi malamai shi ne kada a mayar da ɗakin aikin hannu wurin tura wanda ya faɗi jarrabawa. Da zarar ɗalibai sun lura da haka, masu ƙoƙari ba za su leƙa ba. Iyaye ma a gayyace su ranar haɗa ayyukan, su riƙe abin da 'ya'yansu suka yi.

Usaini:
Makarantar da ke da firintar 3D, mai gina abu da narkakkiyar roba shimfiɗa-shimfiɗa, fa, ba za ta iya yin aikin harshe da gurbin da ita ba?

Malam Ɗanjuma:
Za ta iya, kuma darasin rangwamen awo yana nan. Robar PLA, baki mai 0.4, zafi wajen digiri 200, faranti 60, kaurin shimfiɗa 0.2. In suka zana harshe 20 da gurbi 20 cif ba za su shiga ba, don rami yana fitowa a tsuke, shimfiɗar farko kuma tana bajewa ta yi faɗi. Kada a gaya musu adadin da za su bari. Su buga ƙaramin gwaji mai gurabe 5, daga 20.0 zuwa 20.4, su gwada, su rubuta wanda ya dace da nasu injin, galibi tsakanin 0.2 da 0.3 ne. Su kuma buga ƙugiya biyu, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, su rataya musu nauyi. Ta tsayen ce za ta fara karyewa, ta tsakanin shimfiɗu. Sai dai a tuna PLA tana laushi tun daga wajen digiri 60, kada a yi mariƙin moton da ke zafi da ita.

Alhaji Garba:
Ga manyan ɗalibai in akwai wutar gas da malami a tsaye, a sa su yi ƙusar alama tasu, wadda ake buga ɗigo da ita a ƙarfe kafin a huda, daga ƙarfe mai yawan kabon. A feƙe bakin, a gasa shi ya yi ja har maganaɗisu ya daina kama shi, wajen digiri 770 ke nan, a ɗan ƙara kaɗan, a tsoma a tsaye cikin mai ko ruwa gwargwadon irin ƙarfen. A gwada da magagari, zai zame ba ya ci. In aka buga shi haka bakin zai fashe, don ya yi tauri fiye da kima. Sai a goge shi ya yi haske, a ɗumama daga baya a hankali, a zuba ido launi yana tafiya zuwa baki, da ya kai ruwan ƙasa-ƙasa mai haske a sake tsomawa. In an bari ya kai shuɗi ya yi laushi, a sake daga farko. A gefe a yi wa guntun ƙarfe mai taushi irin wannan gashi da tsomawa, magagari zai ci shi kamar da, don kabon ɗinsa bai kai ba.

Malam Nasiru:
Alhaji, man da ake tsomawar, wane iri ne, kuma nawa?

Alhaji Garba:
Man tsoma ƙarfe na musamman ya fi, kada a yi da tsohon baƙin man mota saboda hayaƙinsa da dattin da ke ciki. Lita ɗaya zuwa biyu ta ishi ƙusa guda-guda, a cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi, ba roba ba. A nutsar da wurin da ya yi ja gaba ɗaya ƙarƙashin man, in an bar shi rabi a waje ne saman man yake kamawa da wuta. In ya kama, a rufe murfin, kada a zuba ruwa. A yi a wuri mai iska, da tabarau da awartaki mai dogon hannu, ɗalibi ɗaya a lokaci ɗaya.